Yadda Za Ka Kare Kanka Daga Rinin Azurfa Da Ba Ya Fita

Sana'ata harhaɗa magunguna ce, shagona yana cikin garin Gombe. Dangin mahaifiyata kuma maƙeran fari ne, masu ƙera zobe da munduwa da 'yan kunne. Saboda haka na san azurfa a maƙerar kawuna tun ina yaro, na kuma san ta a kan kantar magani. Abin da ya sa na zauna rubutun nan wata kwalba ce da ta fara yawo a hannun mutanenmu. Ana tallarta a WhatsApp da Facebook da TikTok da sunan "ruwan azurfa", wai tana maganin sanyi da taifod da olsa da ciwon suga, har da abin da ya gagari asibiti. A jikin kwalbar za ka ga an rubuta colloidal silver, ko nano silver, ko ionic silver. Duk kanwar ja ce.

Wanda ya daɗe yana shan wannan ruwa, fatarsa tana iya rinewa ta koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi. Likitoci na kiran wannan larura arjiriya. Ba ta da zafi, ba ta ƙaiƙayi, ba a ɗaukarta daga wani, amma idan ta zauna ta zauna ke nan har ƙarshen rayuwa. Wannan ne ya sa nake son mutum ya ji maganar tun bai buɗe murfin kwalbar ba.

Fara da rarrabe wace azurfa ake magana

Da zarar na ambaci wannan a shago, sai in ga mutum ya dubi yatsansa. To, ka kwantar da hankalinka. Zoben azurfa da ke hannunka ba shi ne abin tsoro ba. Maza da yawa a nan suna sa shi don koyi da Manzon Allah (SAW), wanda ya tabbata ya riƙi zoben azurfa, kuma ƙarfen da ke zaune a kan lafiyayyar fata ba ya shiga jini da yawan da zai rina mutum. Haka sarƙa, haka munduwa.

Idan zoben ya yi baƙi, ko ya bar maka baƙin zagaye a yatsa, ba guba ya zuƙo daga jikinka ba kamar yadda wasu ke faɗa. Sinadarin farar wuta ne da ke cikin iska da gumi ya haɗu da azurfar ya dusashe ta. Ka wanke yatsan da sabulu, ka goge zoben, shi ke nan. Idan yatsan kore ya yi, jan ƙarfen da aka gauraya ne. Azurfar da aka buga wa lamba 925 tana nufin kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, ragowar galibi jan ƙarfe, domin zallarta ta cika taushi. Idan kuwa wurin ya yi ƙuraje yana ƙaiƙayi yana tsattsafo da ruwa, yawanci nikel ne a ciki, sai ka cire ka canza. Akwai wani farin ƙarfe da ake kira azurfar Jamus wanda babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa, jan ƙarfe ne da nikel da zink.

Hatsarin yana wurare uku: azurfar da aka sha, wadda aka ɗiga a hanci ko ido ko aka shafa a buɗaɗɗen rauni na tsawon lokaci, da wadda aka shaƙa a wurin aiki. Ta farkon ita ta fi damuna.

Abin da take yi idan ta shiga ciki

Jikin ɗan Adam yana buƙatar sinadarin ƙarfe don jini, yana buƙatar zink da ayodin. Azurfa kuwa ba ta da wani aiki a jiki, babu wata cuta da rashinta ke kawowa. Wanda ya ce maka kana da "ƙarancin azurfa" ya ƙirƙiro maganar ne don ya sayar da hajarsa.

Idan an sha ta, ruwan tsamin ciki yana narkar da ita, wani kaso ya ratsa hanji ya shiga jini. Hanta tana fitar da mafi yawa ta hanyar matsarmama zuwa bayan gida, amma ba duka ba. Ragowar tana samun wurin zama a can ƙasan fata, musamman kewayen jijiyoyin gumi, da dasashi, da farin ido, da ƙarƙashin farce, har da kayan ciki. A can take haɗuwa da farar wuta da wani sinadari mai suna seleniyam, ta zama ƙwayoyi baƙaƙe ƙanana da ruwan jiki ba ya iya narkarwa. Sai rana ta ƙarasa aikin. Hasken rana yana baƙanta gishirin azurfa, kuma da wannan ɗabi'ar tata ake ɗaukar hoton fim na da. Shi ya sa fuska da wuya da bayan hannu suke fara canzawa, kuma su suka fi yin duhu.

Kowa ya san bambancin lalle da tsagar da aka cusa wa baƙi. Lalle yana kan fatar sama, wadda kullum take zubewa tana sabuntawa, sati biyu ko uku ya koɗe. Tsaga kuwa ta wuce wannan fatar, shi ya sa tsohuwa take shiga kabari da wadda aka yi mata tana budurwa. Rinin azurfa a wurin tsaga yake zama. Sabulu ba ya kai wa can, man bilicin ba ya kai wa can, magungunan da asibiti ke bayarwa don fitar da darma daga jini su ma an gwada su ba su fitar da ita ba. Akwai wata na'urar leza da ta rage launin ga wasu mutane a ƙasashen waje, amma aikin yana da tsananin zafi da tsada, ana bin fatar ɗan wuri bayan ɗan wuri, kuma launin yana iya dawowa.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Paul Karason ya fito a talabijin a 2008 fuskarsa shuɗiya shar, bayan shekarun da ya yi yana shan ruwan azurfar da yake haɗawa a gida yana kuma shafa shi a fuska saboda ciwon fata. Haka ya zauna har ya rasu a 2013 da ciwon zuciya. Rosemary Jacobs tana 'yar shekara 11, a shekarun 1950, likita ya rubuta mata maganin ɗigawa a hanci mai azurfa. Kafin ta gama zama budurwa fuskarta ta koma ruwan toka, ta kuma shafe shekaru tana gargaɗin mutane. Stan Jones na jihar Montana, wanda ya tsaya takarar majalisar dattawan Amurka a 2002, ya fara sha ne a 1999 don tsoron cewa shigowar shekarar 2000 za ta rikita kwamfutoci a rasa magani. Shi ma ya rine. A wannan shekarar ta 1999 ce hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yanke cewa magungunan da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba masu ɗauke da irin wannan azurfa ba a amince da amincinsu ko amfaninsu ba.

Mu ma ta taɓa zuwa ƙofarmu. Lokacin Ebola, a watan Agustan 2014, watan da aka yi ta kiran waya da asuba ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri, ministan lafiya na lokacin Farfesa Onyebuchi Chukwu ya ba da sanarwar cewa an kawo wani abu mai suna Nano Silver da za a gwada a Legas. Cikin 'yan kwanaki aka janye, domin bai cika sharuɗɗan kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa ba. Nijeriya ta fita daga Ebola ranar 20 ga Oktoba na shekarar ta hanyar bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da marasa lafiya da killace su, ba da ruwan azurfa ba.

Gaskiya ne azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta a kan faranti a ɗakin gwaji, kuma a nan masu talla suke maƙalewa. Hypo ma yana kashe su, amma ba wanda zai ba ɗansa ya sha.

Yi lissafin da kanka

Kwanaki wata Hajiya ta shigo da kwalbar a cikin leda, ta ce 'yar'uwarta ce ta aiko wa mahaifiyarsu daga Abuja saboda ciwon gwiwa. Kwalba ce mai duhu kamar ta maganin tari, da takarda mai sheƙi da hoton ganye, an rubuta 30 ppm a ƙasa. Ta ce, "Malam, ai ruwa ne kawai, ko ɗanɗano ba shi da shi. Inna tana shan babban cokali safe da yamma." Na ce, "Hajiya, zauna mu ƙirga." Ga yadda muka yi, kai ma za ka iya.

Lambar ppm ɗin nan tana gaya maka maikurogiram nawa na azurfa ke cikin kowane mililita ɗaya. Maikurogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne, babban cokali mililita 15. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade cewa abin da mutum zai iya haɗiya kullum tsawon rayuwa ba tare da fargabar rini ba shi ne maikurogiram 5 ga kowane kilo na nauyinsa. Inna ba ta wuce kilo 60 ba, ke nan iyakarta 300 a rana, har da ɗan abin da ke shiga ta abinci da ruwan sha. Babban cokali ɗaya na kwalbar 30 ppm yana ɗauke da 450. Sau biyu, 900. Ta ninka iyakar sau uku kowace rana ta Allah.

Akwai kwalaben da ake rubuta wa 10 ppm, akwai na 500 ppm. A na 500, ƙaramin cokali ɗaya 2,500 ne, ya haura iyakar mai kilo 60 fiye da sau takwas. Yaro mai kilo 10 kuwa iyakarsa 50 ce kacal, ƙaramin cokali ɗaya na mafi raunin kwalaben ya cinye ta. Sannan wannan lissafin ya ginu ne a kan cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Wanda ake haɗawa a ɗaki da batir da wayoyin azurfa biyu a cikin kofin ruwa, babu mai iya gaya maka ƙarfinsa, kuma irinsa ne ya rina Karason da Jones.

Kada lambar NAFDAC a jikin kwalba ta rufe maka ido. Da farko ka bincika ko lambar ta gaske ce a manhajar Greenbook ta hukumar. Na biyu ka karanta ƙananan rubutun ƙasa, domin kayan gargajiya da na ƙarin abinci da dama suna ɗauke da jimlar da ke cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba.

Idan ka riga ka fara sha

Ka daina yau. Ba a rage shi sannu a hankali, barinsa farat ɗaya ba ya jawo komai. Kada ka zubar da kwalbar tukuna, ka riƙe ta don likita ya gani, ka kuma zauna ka tuna yaushe ka fara da cokali nawa kake sha, ka rubuta. Wanda ya sha na sati ɗaya ko biyu ya daina, da wuya ya ga wani canji, domin rinin yana zuwa ne bayan watanni ko shekaru ana tarawa. Kada kuma ka je neman wani "maganin wanke jini" don ya fitar da ita. Babu shi, kuma wani yana iya taɓa maka ƙoda a banza.

Abin da ya fi gaggawa shi ne ainihin ciwon da ya sa ka fara sha. Na fi jin tsoron mai ciwon suga ko hawan jini ko mai shan maganin ƙanjamau da ya ajiye ƙwayoyinsa ya koma kwalba, fiye da yadda nake tsoron launin fata. Ka koma kan maganinka, ka je a auna ka. Ka kuma sani ruwan azurfa yana hana jiki tsotse wasu magunguna yadda ya kamata: tetarasaikilin, da dangin Cipro da muke bayarwa don taifod da ciwon mara, da tairoksin na masu matsalar maƙoƙo. Mutum sai ya yi ta shan magani ciwo ya ƙi tafiya, ya ɗora laifin a kan kemis. An kuma samu rahotanni ƙalilan na lalacewar ƙoda da farfaɗiya ga waɗanda suka sha da yawa. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kada su kusance shi ko kaɗan.

Sai duba jiki, kuma a nan ne nake son a saurare ni da kyau. Hotunan da za ka gani a intanet kusan duk na fararen fata ne, inda shuɗin yake fitowa ɓaro-ɓaro. Mu fatarmu tana ɓoye shi. Baƙin mutum zai iya tara azurfa mai yawa, abin da za a gani kawai shi ne fuskarsa ta dusashe ta yi toka-toka kamar wanda hunturu ya buga, a ce gajiya ce ko rashin shafa mai. Idan ka tsaya jiran ka zama shuɗi kamar na hoto, ka makara. Ka fita waje da safe, a hasken rana ba na ƙwan lantarki ba, da madubi. Ɗaga leɓe ka dubi dasashi. Ja fatar idonka ta ƙasa ka dubi cikinta da farin idon, musamman lungun da ke kusa da hanci. Dubi ɗan farin da ke gindin farcen babban yatsa, ko ya koma shuɗi. Sannan ka gwada launin bayan hannunka da na cikin damtse inda riga ke rufewa, ka kuma ɗauko tsohon hotonka. Da yawanmu an haife mu da duhun dasashi ko baƙin layi a farce, wannan halitta ce. Abin nema shi ne canji, launin da da babu shi.

Idan ka ga alama, ka nemi likitan fata. A nan Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha, daga ƙaramin asibiti ma za a iya ba ka takardar turawa. Gwajin jini yana nuna azurfar da aka sha kwanan nan, amma yana iya fitowa lafiya lau ga wanda ya daɗe da dainawa. Abin da ke tabbatarwa shi ne a yanki ɗan ƙanƙanin fata a duba a madubin likita. Daga nan babban abin yi shi ne kare fatar daga rana don kada ta ƙara duhu: malafa ko lema, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana, da guje wa tsakar rana, balle irin ta Maris da Afrilu a garin nan. 'Yan gida kuma su sani ba sammu ba ne, ba kuturta ba ce, ana cin abinci kwano ɗaya da mai ita.

Ba kowane duhun fata ne azurfa ba

Idan leɓe da harshe da farce suka yi shuɗi cikin sa'o'i ko kwana ɗaya, da haki ko kasala, wannan ƙarancin iskar numfashi ne a jini, daga zuciya ko huhu ko wata guba. Jariri ne ko babba, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Rinin azurfa ba ya zuwa da gaggawa kuma ba ya hana numfashi.

Wanda na fi gani a kantata shi ne na man bilicin. Mace za ta ɗaga niƙabi ko ta janye gyale ta nuna mini kumatu da gefen ido sun yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, da 'yan ƙananan gudaji kamar an barbaɗa, alhali wuyanta fari. Sinadarin haidurokwinon ne da aka shekara ana shafawa, kuma ƙara man ƙara baƙin yake yi. Wasu magungunan asibiti ma suna sa toka-toka idan an daɗe a kansu, irin su amiyodaron na bugun zuciya, da minosaikilin na ƙurajen fuska, da kulofuromazin na masu taɓin hankali, har da kulorokwin. Waɗannan kada ka daina su da kanka, ka koma wa wanda ya rubuta maka.

Azurfar asibiti

Kada wani ya karanta wannan ya ƙi maganin da likita ya ba shi. Farin man ƙuna da mutane suka sani da Dermazin ko Flamazine yana ɗauke da kashi 1 cikin ɗari na silba salfadayazin, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi don hana ƙuna ruɓewa. Yana da ƙa'idoji dai. Na ƙuna ne, na 'yan kwanaki, ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Ba man ƙurajen fuska ba ne, ba na kyasbi ba ne, ba a shekara ana cusa shi a gyambo. Ba a sa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, ko mai cikin da ta kusa haihuwa, ko wanda Septrin ko Fansidar ke tayar wa ƙuraje. Mai ƙarancin sinadarin G6PD, larurar gado da ke sa wasu magunguna fasa jajayen ƙwayoyin jini, wadda ta yawaita a cikin mazanmu, ya faɗa wa likita kafin a shafa masa a wuri mai faɗi. A ƙaramar ƙuna ta sama-sama ma bincike ya nuna yana iya jinkirta warkewa idan aka gwada da bandejin zamani. Taimakon farko shi ne ruwa mai sanyi yana zuba a wurin na minti 20, ba ƙwai, ba manja, ba man goge baki.

Akwai kuma silba naitiret, ɗan tsinken da ake ƙona jan naman da ya tsiro a cibiyar jariri da shi, ko a tsayar da haɓo. A 1881 wani likitan Jamus, Carl Credé, ya bayyana yadda ɗiga ruwansa a idon jarirai ke hana makantar da ciwon sanyin uwa ke jawowa, aka kuwa ceci idanu masu yawa kafin a samu magungunan da suka maye gurbinsa. Idan ya taɓa fata yana barin baƙin tabo, iyaye su tsorata. Wannan tabon na fatar sama ne, yana zubewa cikin sati ɗaya zuwa biyu. Da sinadarin nan ake yin tawadar zaɓe a ƙasashe irin su Indiya. Amma yana ƙona lafiyayyar fata, don haka ba abin saya a yi a gida ba ne.

Ga maƙera da masu narka

Maƙerar kawuna ɗan ɗaki ne mai ƙofa ɗaya da 'yar taga can sama. Yana zaune a kan buzu, uwar maƙera a gabansa, gawayi na ci a gefe, yaro na jan zuga-zugi. Idan yana gyara bakin zobe da magagari, garin azurfa yana zuba a cinyarsa yana ƙyalli, wani kuma ya tashi, kana ganinsa yana yawo a cikin hasken da ya ratso ta tagar. Da wannan hannun zai ɓare goro ya jefa a baki. A yatsunsa akwai ɗige-ɗige baƙaƙe masu shuɗi, wuraren da ɓarɓashi ya shige ta yanka ya zauna tun yana saurayi. Wannan ma arjiriya ce, amma ta wuri ɗaya, ba ta yaɗuwa. Wadda ke kama farin ido da cikin hanci ita ke zuwa daga ƙura da hayaƙin shekaru. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyakar azurfa a iskar wurin aiki a miligiram 0.01 cikin kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da bisa. Ƙurar da ido ke iya gani ta wuce wannan nesa ba kusa ba.

Da na yi masa maganar sai ya ce, "Kai yaro, aikin gado ne. Kakanka a nan ya tsufa." Na ce, "Haka ne Kawu, Allah ya ƙara girma. Amma garin da ke tashi ɗin nan kuɗinka ne, bari mu tare shi." Ta nan ya yarda. Yanzu yana goga a kan faranti mai ɗan ruwa, garin ya zauna a ƙasa, ya tace ya sake narkawa. An daina share ɗakin da tsintsiya a bushe, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Narka kuma ta koma ƙofar waje, inda iska ke kwashe hayaƙin daga fuskar mai aiki. Azurfa sai ta kai zafin digiri 962 take narkewa, kuma a wannan zafin wani gurɓataccen ƙarfe da ke cikinta, irin kadmiyam, yana tashi ya zama hayaƙi.

Wannan gurɓataccen ƙarfen ya fi azurfar kanta haɗari. Wasu sandunan liƙi masu saurin narkewa suna ɗauke da kadmiyam, haka wasu kayan ado masu araha da ake shigowa da su a matsayin azurfa. Hayaƙinsa yana ƙona huhu, alamar ba ta bayyana sai bayan sa'o'i, a hankali kuma yana lalata ƙoda. Tarayyar Turai ta haramta shi a kayan ado da sandunan liƙi tun 2011. Ka tambayi mai sayar maka, ka nemi wanda aka rubuta babu kadmiyam, ka kuma guji narka tarkacen da ba ka san asalinsa ba a cikin ɗaki. Masu fasa dutsen ma'adini su ma su sani azurfa a ƙasa yawanci tare da darma take, irin dutsen da ake yin tozali da shi, kuma darma ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 lokacin da aka riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Kada a kai dutse gida, kada a daka shi a turmin abinci.

Takunkumin N95 yana tare ƙura, ƙyallen rawani ba ya tarewa. A sa tabarau lokacin goga da wankin ƙarfe, a rufe yanka da filasta kafin a fara aiki, a wanke hannu da sabulu kafin goro ko abinci, rigar aiki kuma ta kwana a shago kada yara su rungume ta. Almajiran sana'a ƙanana a ba su aikin da ba na bakin wuta ba.

Masu tace azurfa daga tsohon fim ɗin hoton ƙashi ko daga tarkace da asid, ku ne a bakin rami. Ƙona fim yana fitar da hayaƙi mai guba, kada a yi shi cikin unguwa. Asid ɗin naitirik idan ya ci ƙarfe yana tayar da hayaƙi ja-ja mai ruwan ƙasa, N95 kuma ba ya tare shi ko kaɗan. Mugun halinsa shi ne mutum zai shaƙa ya yi ɗan tari ya ji ya warware, ya koma gida ya ci tuwo, sai cikin dare ko washegari ruwa ya cika masa huhu. Duk wanda ya shaƙi wannan hayaƙin a rufaffen wuri a kai shi asibiti a ranar ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, a gaya wa likita sunan asid ɗin da lokacin da abin ya faru, kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.